Kududdufan Kuza da Aikin Gwamnati a Lokacin Karayar Tattalin Arziki

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru ta nufi Barikin Ladi, babu shakka ka ga waɗansu manyan kududdufai dama da hagu, da tarin jar ƙasa a gefensu kamar ƙananan tsaunuka. Hannun ɗan Adam ne ya haƙa su a zamanin da ake neman kuza. Yau manyan kamfanonin sun tafi, injunansu sun yi tsatsa, amma da rani ya yi sai ka tarar gefen kududdufan nan ya yi kore shar da kabeji da latas da karas da tumatir. Ni dai duk sa'ad da na ji ana gardama a kan abin da ya kamata gwamnati ta yi idan tattalin arziki ya karye, waɗannan kududdufai nake tunawa, domin a ganina amsar tana nan kwance a bakinsu.

Bari mu fara da ma'anar kalmar. Masana sukan auna jimillar abin da ƙasa ta samar a kowane wata uku, wato amfanin gona da kayan masana'antu da ma'adinai da ayyukan hidima irin su sufuri da koyarwa. Idan wannan jimilla ta ragu sau biyu a jere, sai a ce tattalin arziki ya karye. Haka ta faru a Nijeriya a shekarar 2016. A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai fiye da dala 100, amma a watan Janairun 2016 ba ta kai dala 30 ba. Ga kuma fashe-fashen bututun mai a yankin Neja Delta. A wannan shekara arzikin ƙasa ya ragu da kashi 1.6 cikin ɗari, hauhawar farashi kuwa ta haura kashi 18 cikin ɗari kafin shekarar ta ƙare. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga annobar korona a 2020, aka sake faɗawa cikin wata karayar.

Alƙaluma ke nan. Ga yadda abin yake a bakin titi. A ƙofar wata makaranta da na taɓa koyarwa akwai wata baiwar Allah mai suyar ƙosai, wadda takan markaɗa wake mudu huɗu kowace safiya. Da albashi ya fara makara a jihohi da dama, iyaye suka rage kuɗin tara da suke ba yara, sai ta koma mudu biyu. Mai sayar mata da wake ya rage sari. Mai injin markaɗe ya sallami yaronsa ɗaya. Yaron nan kuma shi ne mai sayen ƙosanta da yamma. Ka ga abin zobe ne: kuɗin da wani ya kashe shi ne kuɗin da wani ya samu. Idan kowa ya tsuke bakin aljihunsa a lokaci guda, kowa zai ƙara talaucewa, ko da yake kowannensu hankali ya yi a cikin gidansa.

Jos ta san wannan zobe tun kafin a haife mu. Tun kafin zuwan Turawa akwai masu narkar da kuza a Riruwai, fatake suna kai ta kasuwannin Kano. A farkon ƙarni na ashirin Turawan Ingila suka bi sawunta har suka hau wannan tudu, suka kafa kamfanoni. Aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta iso nan a 1914, babbar kuma ta iso ta Kafanchan a 1927. Aka kafa tashar lantarki a Kurra domin injunan haƙa. Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da Kudu, kowa da diga da shebur da kwanon sarki. Kuza ce ta gina Jos da Bukuru, ita ce kuma ta cika su da harsuna.

Sai ga 1929. Kasuwar hannun jari ta faɗi a birnin New York, masana'antun Amurka da Turai suka rage aiki, farashin kuza ya rushe. A 1931 manyan ƙasashen da ke haƙo ta, har da Nijeriya da Malaya da Bolibiya, suka ƙulla yarjejeniyar rage abin da suke fitarwa don farashi ya ɗaga. Wannan ya ceci manyan kamfanoni. Lebura kuwa, dubbai aka sallama, waɗanda suka rage aka zaftare musu lada. Me gwamnatin mulkin mallaka ta yi? Ta rage ma'aikatanta, ta dakatar da ayyuka, amma ba ta daina karɓar haraji ba, alhali gyaɗa da audugar da talaka ke sayarwa ya biya harajin sun faɗi warwas. Ta daidaita littafin kuɗinta, ta bar mutane da yunwarsu.

A daidai wannan lokaci Amurka ta bi wata hanya dabam. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki a 1933, sai gwamnatinsa ta ɗebi marasa aikin yi ta sa su gina hanyoyi da gadoji da makarantu da madatsun ruwa, ta kuma ja wutar lantarki zuwa ƙauyuka. A 1936 wani masani ɗan Ingila, John Maynard Keynes, ya fitar da littafin da ya bayyana hujjar yin haka. A taƙaice cewa ya yi, idan 'yan kasuwa da magidanta duk sun ji tsoron kashe kuɗi, to, saura gwamnati, ita ce kaɗai mai ƙarfin da za ta ci bashi ta ba mutane aiki har kasuwa ta motsa. Na yarda da wannan magana, amma ba dukanta ba, kuma ina so ka lura da dalilina.

Ciwon Amurka a 1933 shi ne ga masana'antu a tsaye, ga kaya jibge, babu mai saye. Da aka sa kuɗi a hannun mutane sai injuna suka tashi. Namu ciwon ya sha bamban. Yawancin abin da muke saye, daga magani zuwa kayan gyaran mota, daga waje ake kawo shi, da dala kuma ake biya, dalar nan kuwa mai ne ke kawo ta. Idan mai ya faɗi, gwamnati ta zuba naira a kasuwa ba tare da kaya sun ƙaru ba, farashi ne kawai zai hau. Mun gani da idonmu. Bashin da gwamnatin tarayya ta yi ta karɓa daga Babban Bankin Nijeriya ya haura naira tiriliyan 22 kafin 2023, a 2024 kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Akwai wasu dalilan, kamar cire tallafin mai da faɗuwar naira, amma wannan yana cikinsu. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce: a kan me za a kashe kuɗin?

Mu koma bakin kududdufi. Tun cikin shekarun 1970 harkar kuza take ja da baya. Ta kusa da sama ta ƙare, sai an yi haƙa mai zurfi mai tsada, hankalin ƙasa kuma ya koma kan mai. A watan Oktoban 1985 majalisar da ke tallafe da farashin kuza a duniya ta kasa biyan bashinta, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tada komaɗar tattalin arziki, darajar naira ta zube, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Jos ta sha duka biyu a jere.

To, me mutane suka yi? Akwai tsohuwar sana'a a gefe wadda ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Tun zamanin Turawa wasu Hausawa suna lambu a bakin rafin Dilimi, suna ɗebo ruwa da jigo, suna noma wa Turawan kuza latas da kabeji. Jigo kuwa, in ba ka taɓa gani ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a wannan kai, nauyi a wancan. Mutum ɗaya da jigo ɗan fili kaɗan zai iya shayarwa. Da ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya yaɗu, sai lissafi ya canza. Ramukan da kamfanoni suka bari sun cika da ruwan sama, ga su nan ɗaruruwa. Aka dasa inji a bakinsu, aka ja tiyo zuwa kan tudu. Tsofaffin leburan kuza suka shiga, 'yan ƙasa irin su Berom suka shiga, har ma'aikatan gwamnati suka kama lambu bayan an tashi daga ofis. Da takin zamani ya yi tsada, manoma suka riƙa sayen tokar juji daga cikin gari suna haɗawa da kashin kaji da na shanu, domin ƙasar da aka haƙe ta gaji ƙwarai. Yau manyan motoci suna lodin kayan lambu a Farin Gada zuwa Abuja da Legas da Fatakwal.

Wannan ita ce ƙirƙira. Ɗalibaina da yawa in sun ji kalmar sai su hango saurayi a gaban kwamfuta, kuma lallai shi ma yana ciki, akwai irinsa a Jos. Amma ƙirƙira ita ce mutum ya ɗauki abin da ke gabansa ya yi amfani da shi ta hanyar da ba a saba ba, har ya sami riba. Wanda ya fara kallon ramin kuza ya ga rijiyar lambu ya yi ƙirƙira, ko da bai taɓa shiga aji ba. Babu ma'aikatar da ta zauna ta tsara masa. Matsi ne ya koya masa, kuma shi ya sa sau da yawa sababbin dabaru a lokacin wahala suke fitowa: wanda albashinsa ke isarsa ba ya neman wata hanya.

Kada ka yi saurin cewa ashe ba a bukatar gwamnati. Duba da kyau za ka ga hannunta a ƙarƙashin abin. A farkon shekarun 1990 aka fara shirin Fadama da rancen Bankin Duniya, wanda ya taimaka wajen yaɗa ƙananan injunan ban ruwa a Arewa. A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924. Ita ce ta yi shekaru tana sarrafa allurar rigakafin bushiya, cutar da ta taɓa share garken shanu a ƙasar nan, tana kuma yin rigakafin cututtukan kaji. Jos ta yi suna wajen kiwon kaji da ƙwai, amma wane mai kaji ne zai iya gina ɗakin gwaji nasa na kansa? A Kuru kuma akwai tashar binciken dankalin Turawa, kuma mafi yawan dankalin da ake ci a Nijeriya daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu. Irin da manomi zai shuka, wani ne ya yi shekaru yana gwada shi da kuɗin jama'a. (A Kurun nan dai ake da babbar cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa, inda manyan jami'ai ke zuwa kwas. Nakan ce da za su riƙa tsallakawa gonakin dankali da yamma, da sun rage wa kansu karatu.)

Ga ra'ayina ke nan. A lokacin karaya, aikin gwamnati shi ne ta samar da abin da kowa ke bukata amma babu mutum ɗaya da zai iya yi wa kansa: hanya, wuta, ruwa, bincike, kasuwa, tsaro, da doka tsayayya wadda ba ta sauyawa kowace safiya. Irin wannan kashe kuɗi riba biyu gare shi. Yau yana ba matasa aiki su sami na ƙosai, gobe kuma yana ƙara yawan kayan da ƙasa ke samarwa, don haka ba ya hura wutar tsada kamar rabon kuɗi tsagwaronsa. Dubi wayar da ke hannunka. Kafin 2001 layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A wannan shekara gwamnati ta sayar da lasisi ga kamfanoni, ta tsaya a matsayin alƙalin wasa. Yau layuka sun fi miliyan 100 nesa ba kusa ba, kuma daga nan aka sami mai gyaran waya da mai sayar da kati da mai POS a kowace kwana. Manomin Bokkos ma yakan kira Legas ya ji farashi kafin ya yi lodi.

Idan kuwa gwamnati ta ce ita za ta zama 'yar kasuwa, labarin yakan bambanta. A farkon shekarun 1980 an gina masana'antun murza ƙarfe uku, a Jos da Katsina da Oshogbo. An tsara su ne a kan za a riƙa kawo musu ɗanyen ƙarfe daga Aladja kusa da Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita a mota. Da Aladja ta yi rauni sai duka ukun suka bi ta, daga baya aka sayar da su. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya yanke shawarar ba kuɗinsa ne zai nutse ba. Haka kuma shirin ba manoma rance da Babban Banki ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Noman shinkafa ya ƙaru, wannan gaskiya ne, kuma ba zan hana shi yabonsa ba. Sai dai an raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba, domin wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Rancen da ba a biya ba ya hana na bayansa samu.

Yanzu ka tambayi mai lambu a Jos abin da ke damunsa. Ba zai ce a koya masa noma ba. Zai ce maka kowa lokaci ɗaya yake girbi, kasuwa ta cika, kwandon tumatir ya faɗi, abin da bai sayu ba kwana kaɗan ya ruɓe. Bayan wata uku kuma a neme shi da tsada a rasa. Mai dankali zai ce da damina cuta takan ƙone ganyen gona guda cikin 'yan kwanaki, irin da ya adana kuma ya gaji. Ɗakin sanyi yana son wutar da ba ta yankewa. Abin takaici ne a ce garin da ya sami lantarki daga Kurra tun kakanninmu suna samari, yau mai walda da mai niƙa a cikinsa suna ƙona ribarsu a janareta. Babbar kasuwar Jos ta Taminus, wadda ake zuwa kallo daga wasu jihohi, ta ƙone a watan Fabrairun 2002, aka shekara ashirin ba a sake gina ta ba, 'yan kasuwa suna baje kaya a bakin titi cikin rana da ruwa.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan duka nauyi. Tun rikicin Satumban 2001 garin nan ya rabu unguwa-unguwa, har akwai inda mai saye ke tsoron zuwa wurin mai sayarwa. A ƙauyukan Barikin Ladi da Bokkos da Mangu an sha kai hare-hare, manoma da makiyaya duk sun yi asarar rayuka da dukiya. Ba mai dasa injin ban ruwa a gonar da bai tabbata zai girbe ba. Kuɗin da aka kashe wajen tsaro da adalci da sasanta maƙwabta, ni a cikin kasafin tattalin arziki nake lissafa shi.

Na san abin da mai gardama zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce a lokacin karaya ita ma gwamnati aljihunta a bushe yake, ina za ta samo kuɗin hanya da ɗakin sanyi? Amsa ta farko mai ɗaci ce: ba a fafe gora ranar tafiya. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar kuɗin mai. Ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, kuma shi ya rage mana zafin rikicin kuɗi da ya girgiza duniya a wannan shekara. Daga nan aka yi ta rabawa, har mai yana da tsada ana ɗiba. Da farashi ya faɗi a 2015, abin da ya rage bai wuce dala biliyan 2 da 'yan kai ba. Ƙasar Norway ita ma mai take haƙowa, ta kafa nata asusun a 1990, ta kuma ɗaure kanta da dokar cewa ɗan kaɗan za a riƙa taɓawa kowace shekara. Da mun yi ko da rabin haka, da 2016 ba ta same mu tsirara ba.

Amsa ta biyu ita ce, ko a cikin rashi akwai zaɓi. Idan dole a rage, a fara da motocin manya da tafiye-tafiye da sababbin ofisoshi. Kada a fara da albashin malami da na ma'aikaciyar jinya, domin kuɗinsu ba ya kwana, kasuwar unguwa yake shiga tun ranar da aka biya. Idan dole a ci bashi, a ci don abin da zai biya kansa. Gajiyayyu da marayu da tsofaffi kuwa, waɗanda ba za su iya jiran hanya ta ƙaru ba, a taimake su kai tsaye, amma da rajista a fili wadda kowa zai iya dubawa. Akwai ma abin da ba ya cin ko kwabo: a rage shingayen karɓar kuɗi da motar kabeji ke tsayawa a kansu tsakanin Jos da Kudu, domin kowace tsayawa sai an ɗora ta a kan farashin da mai cefane zai biya.

Da za a ba ni alƙalamin kasafin kuɗi na yini ɗaya, da kududdufan zan fara. Har yanzu suna cin rayukan yara masu wanka da dabbobi masu shan ruwa, kuma ruwan da ya kwanta a ramin ma'adinai ya kamata a auna shi kafin a shayar da latas ɗin da za a ci ɗanye. Jami'ar Jos tana da masanan da za su iya wannan aiki. Sai a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, a san wanda ya dace da ban ruwa, da wanda za a zuba wa kifi, da wanda ya kamata a cike shi a dasa itatuwa. A ɗebi samarin ƙauyukan da ke kewaye su yi shingen, su gyara hanyar da mota za ta shiga ta ɗauki kaya, a biya su ladansu kowane mako.